Cutar Soriyasis: Yadda Ake Zama Da Ita Da Inda Ake Neman Maganinta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mai saukar da cuta, Mai saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



'Yan uwa masu bibiyar wannan zaure, darasinmu na yau kan wata cutar fata ne da likitoci suke kira soriyasis. A katin asibiti za ka ga an rubuta psoriasis, harafin farkon ba a furta shi. Mutanenmu ba su ware mata suna ba. Wani ya ce kirci, wani ya ce kyasbi, in a kai ta fito a ce amosani, in kuma ta yi yawa sai a fara raɗe-raɗin kuturta ko sammu. Wannan rashin sani ya raba aure, ya hana yara makaranta, ya cinye dukiyar gidaje da dama. Don haka ka karanta a tsanake, maigida. Ke ma uwargida ki karanta, don galibi ke ce mai fara ganin abin da ya fito a jikin yaro.

*MECE CE SORIYASIS?*

Allah cikin hikimarsa Ya sa fatar ɗan Adam tana sabunta kanta kullum. Sabuwa tana tasowa daga ƙasa, tsohuwa tana kaɗewa daga sama ba tare da ka lura ba. Wannan zagaye yakan ɗauki kamar sati 3 zuwa 4. To mai soriyasis, garkuwar jikinsa ce take rikicewa, ta riƙa zuga fata kamar akwai rauni alhali babu. Sai aikin wata guda ya koma na kwana 3 zuwa 7. Sabuwar fata ta taso, tsohuwa ba ta kai ga faɗuwa ba, sai su taru su yi tudu mai kauri, da ɓawo a kai.

A jikin Bature ja take fitowa da ɓawo fari kamar azurfa, kuma irin hotunan da suka cika intanet ke nan. A baƙar fata irin tamu kuwa, wurin yakan yi duhu ne, ko ruwan ƙasa mai duhu, ko ya ɗan yi shuɗi-shuɗi, ɓawon kuma ruwan toka. Shi ya sa ake daɗewa ba a gane ta ba a wajenmu. Iyakarta a fili take, kana ganin inda ta tsaya da inda lafiyayyar fata ta fara. Ta fi son gwiwar hannu, da gwiwar ƙafa, da fatar kai, da ƙasan baya, kuma sau da yawa dama da hagu take fitowa tare. In aka kankare ɓawon sai ka ga ɗigo-ɗigon jini ƙanana. Takan yi ƙaiƙayi, takan tsage ta yi zafi. Takan taɓa farce, ya yi 'yan ramuka kamar an tsikara da allura, ko ya yi kauri, ko ya ɗago daga nama.

Wannan mai tudun ita ce ta fi yawa, wajen 8 cikin 10 na masu cutar ita suke da ita. Akwai mai fitowa ƙanana kamar ɗigon ruwa a jikin yara da matasa, sati biyu ko uku bayan ciwon maƙogwaro. Akwai mai zama a hammata da matsematsi da ƙarƙashin nono, ita sumul take, ba ɓawo. Akwai mai ƙuraje masu fari a kai, da kuma mai mamaye jiki gaba ɗaya. Waɗannan biyun na ƙarshe za mu dawo kansu, don suna da haɗari.

Ka riƙe abu biyu tun daga nan. Na farko, ba a ɗaukarta. Ka ci da mai ita a kwano ɗaya, ka yi musabaha da shi, ku tsaya sahu ɗaya, ku kwana shimfiɗa ɗaya, ba abin da zai same ka ta wannan hanya. Na biyu, cuta ce mai daɗewa, tana lafawa tana tasowa. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2014 ta sanya ta cikin cututtuka masu tsanani waɗanda ba a ɗauka daga wani, kuma rahotonta na 2016 ya nuna aƙalla mutum miliyan 100 ne suke fama da ita a duniya. Har rana aka ware mata, 29 ga Oktoba. Saboda haka mai ita ya sani ba shi kaɗai ba ne.

*KADA A HAƊA TA DA WAƊANNAN*

Turawa ma sun shekara ɗaruruwa suna haɗa ta da kuturta, har sai da wani likita a Biyana ta ƙasar Ostiriya mai suna Ferdinand von Hebra ya raba su a 1841. Ga bambancin a taƙaice:

1. Kuturta: ƙwayar cuta ce ke kawo ta. Tabonta yakan fi sauran fata haske, kuma wurin ba ya jin taɓi. Ana maganinta kyauta a asibiti cikin wata 6 zuwa 12. Tabon soriyasis yana ji sarai, har ƙaiƙayi yake.

2. Makero: yakan yi zobe, gashi ya kakkarye a wurin, kuma yara suna ɗauka a junansu ta askar aski da hula da matashi.

3. Ƙazuwa: ƙaiƙayinta da dare ya fi tsanani, tana son tsakanin yatsu, kuma za ka ga ta bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya.

4. Albaras: launin fata ne kawai yake tafiya, wurin ya yi fari fat, babu tudu babu ɓawo.

5. Amosanin kai: garinsa laushi ne. Na soriyasis kauri ne da shi, yana manne, kuma yakan zarce gashi ya sauko goshi da bayan kunne.

Duk da haka ido kaɗai ba ya yanke hukunci. Tunjere ma yakan fito a tafin hannu da kama irin wannan. Likitan fata wani lokaci sai ya kankari ɓawon, ko ya yanki 'yar fata kaɗan an duba a na'ura kafin ya tabbatar. Don haka masu turo hoto suna cewa "Malam mene ne wannan?", ku yi haƙuri, hoto a waya ba ya isa a ba cuta suna.

*ME KE TAYAR DA ITA?*

Akwai gado a ciki. Wajen mutum 1 cikin 3 na masu ita za ka samu akwai wani a danginsu da yake da ita. Amma gadon shiri ne kawai, sai wani abu ya taɓo ta take bayyana. Daga cikin masu taɓo ta:

*Hunturu.* Sanyi da bushewar iska suna tsane fata, sai ta tsage, cutar ta motsa.

*Damuwa.* Bashi, rasuwa, rikicin gida, rashin barci. Cutar ta ƙaru saboda damuwa, damuwar ta ƙaru saboda cutar.

*Rauni a fata.* Wannan a kula da shi sosai. Mai soriyasis in ya ji rauni a lafiyayyen wuri, cutar tana iya fitowa daidai kan layin raunin bayan kamar sati biyu. Susa da farce, dirza da soso mai kaushi, askin reza, tsaga, sakiya, ƙuna, duk sun shiga. Ƙaho sunna ne, ba musu. Amma mai wannan lalura kada a yi masa a kan tabon, kuma ya sani inda aka tsaga ɗin ma tana iya tsirowa. In tana cikin tashi, a jinkirta.

*Ciwon maƙogwaro da wasu cututtuka.* Wanda ta fito masa farat ɗaya da ƙarfi, likita zai iya neman gwajin cuta mai karya garkuwar jiki. Kada ka ji an zarge ka, ƙa'idar aiki ce.

*Wasu magunguna.* Kulorokwin na zazzaɓin cizon sauro, da wasu magungunan hawan jini irin su atenolol da furofuranolol, da litiyam da ake ba masu taɓin hankali. Kada ka ajiye maganin hawan jininka da kanka saboda ka karanta wannan. Ka gaya wa likita, shi zai canza maka in akwai buƙata.

*Taba, giya da ƙiba.* Giya dai haramun ce tun asali. Taba da ƙiba kuwa suna ƙara mata ƙarfi, suna rage amfanin magani.

*NEMAN MAGANI A WAJEN MASANA SUNNA NE*

Imamu Muslim ya ruwaito daga Jabir (RA) hadisin da ke nuna kowace cuta tana da maganinta, kuma waraka tana zuwa da izinin Allah ne a lokacin da maganin ya dace da cutar. Ka lura da sharaɗin: dacewa. Yaya magani zai dace da cutar da ba a ma san sunanta ba?

A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya kawo labarin mutumin da ya ji rauni a zamanin Manzon Allah (SAW), aka kira mutum biyu daga Banu Anmar su duba shi, sai Annabi (SAW) ya tambaya wanne ne a cikinsu ya fi sanin magani. Malamai suka ciro daga nan cewa a kowane fanni wanda ya fi ƙwarewa ake nema. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah kuma sun ruwaito cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin ba, lamunin ɓarnar da ta biyo baya yana wuyansa. Wannan hadisi da mu masu sana'ar magani yake magana kafin kowa.

Ga kuma wani abin lura. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas (RA) cewa Annabi (SAW) ya yi wa Zubairu ɗan Awwam da Abdurrahman ɗan Aufu rangwame su sa alharini saboda ƙaiƙayin da yake damunsu, alhali alharini haramun ne ga maza. Mutum biyu daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, ga su da ciwon fata. Ashe ciwon fata ba alamar fushin Allah ba ne, ba kuma ƙazanta ba ce. Sannan Shari'a ta ɗauki ƙaiƙayi da muhimmancin da har ta sassauta hukunci dominsa.

Ruƙya da addu'a kuwa a yi su, da Fatiha da Falaƙi da Nasi, da ɗora hannu a inda ke ciwo kamar yadda Annabi (SAW) ya koya wa Usmanu ɗan Abil Asi. Amma wanda ya kalli ɓawon fatarka ya ce kishiyar uwarka ce ta yi maka jifa, ya ji tsoron Allah. Cuta ce da aka san yadda take aiki. Zargi ba hujja ya raba zumunta, ga zunubi, ga cutar tana nan.

*ABIN DA ZA KA TARAR A ASIBITI*

Ka fara da asibitin da ke kusa da kai, ka nemi a tura ka wajen likitan fata. Akwai su a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa na Yamai. Ka tafi da kwalaye da kwalaben duk abin da ka taɓa shafawa ko sha, har na gargajiya. Kada ka ɓoye komai, ba kotu ka je ba.

Gaskiyar magana, zuwa yau likitoci ba su kai ga maganin da ke tumɓuke ta har abada ba. Wannan bai saɓa wa hadisi ba, don ruwayar Imamu Ahmad daga Ibnu Mas'ud (RA) ta nuna maganin akwai wanda ya san shi, akwai wanda bai sani ba. Abin da ke hannu yanzu yana iya kwantar da ita har fata ta yi sumul, mutum ya yi watanni ko shekaru lafiya. Hawa-hawa ake bi.

*Hawa na farko, na shafawa.* Akwai man sitiroid mai kashe kumburi, da man da aka haɗa daga dangin bitamin D, da mai narkar da ɓawo, da sabulu ko man wanke kai mai sinadarin kwalta. Yawancin masu cutar a nan suke tsayawa. Man sitiroid yana da ƙarfi daban-daban. Na gwiwa daban, na fuska da matsematsi daban, kuma na 'yan makonni ne a huta.

*Hawa na biyu, haske.* Wata na'ura ce mai ba da wani yanki na hasken rana a aune, sau 2 ko 3 a sati. Ba kowane asibiti ke da ita ba.

*Hawa na uku, na sha da allura.* Wanda aka fi bayarwa a ƙasashenmu shi ne metotirezet, a kwali Methotrexate. Ka buɗe kunne da kyau: sau ɗaya a SATI ake shan sa, ba kullum ba. Mutane sun mutu saboda sun sha shi kullum bisa kuskure. Ka zaɓi rana ɗaya, ka rubuta a jikin kwalin. Ana haɗa shi da folik asid, ana gwajin jini da na hanta lokaci-lokaci. Mai ciki da mai shayarwa ba sa sha, mai neman haihuwa kuma, mace ko namiji, ya gaya wa likita tun kafin a fara. Akwai wani mai suna asitiretin, wanda mace ba za ta ɗauki ciki ba tana shan sa, har shekara 3 bayan ta daina. Akwai kuma sababbin allurai masu aiki ƙwarai, sai dai tsada, kuma sai an yi gwajin tarin fuka kafin a fara.

Magani yakan ɗauki sati 4 zuwa 8 kafin a ga canji na sosai. Bayan tudun ya kwanta, wurin yakan bar duhu ko haske na wasu watanni. Wannan sawu ne kawai, zai gushe a hankali. Kada a bi shi da man bilicin.

*TARKON KYAMIS DA KASUWA*

Nan ne mutane da yawa suke faɗawa. Ka je kyamis, a miƙo maka man nan mai haɗi uku, ko wanda aka rubuta clobetasol ko betamethasone a jikinsa. Ka shafa kwana biyar, ka ga kamar an yi ruwa an ɗauke. Sai ka ci gaba wata da watanni. Fata ta yi siriri, ta yi nankarwa, ƙuraje su fito, ranar da ka daina kuma cutar ta dawo da ƙarfin da ya fi na da. Wanda ya fi wannan muni shi ne ƙwayar feredinisolon ko dekza, ko allurar sitiroid da ake yi wa mutane a ɗaki. Suna share fata da sauri, amma in aka yanke su suna iya juyar da cutar ta koma mai ƙurajen nan ko mai mamaye jiki, ban da hawan jini da ciwon suga da suke jawowa. Garin neman gira a rasa ido ke nan. In kana kan irin waɗannan ƙwayoyi ka daɗe, kada ka yanke rana ɗaya, je ka likita ya sauke ka a hankali.

Haka nan haɗin da ake tallatawa a mota da lasifika, "sha yanzu magani yanzu", mai warkar da cuta arba'in. A Ingila an taɓa gwada wasu mayukan fata da ake sayarwa da sunan na ganye zalla, aka tarar da sitiroid a ɓoye a cikinsu. Duk man gargajiyar da ya share soriyasis cikin kwana uku, ka yi masa kallon tuhuma.

*MATSAYIN MAGANIN GARGAJIYA*

Tsirrai suna da asali a wannan fanni. Ibnul Baiɗar, masanin tsirrai na Andalus da ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya yi bayanin wani tsiro da ake amfani da 'ya'yansa tare da zama a rana don maganin albaras. A shekarun 1940 masana a Alƙahira suka ciro sinadarin da ke cikin tsiron, a 1974 kuma likitoci a Amurka suka nuna amfaninsa ga soriyasis in an haɗa shi da hasken na'ura. Amma wannan sinadarin, in aka wuce awo, ƙona fata yake yi. Abin da asibiti ya fi mu da shi ke nan: awo da gwaji.

A shekarun da na yi ina wannan sana'a, abin da na gani shi ne kayanmu suna taimakawa wajen tausasa fata da rage ƙaiƙayi, su sa maganin asibiti ya fi shiga. Ga yadda za a yi:

1. Wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, kada ya yi zafi, kada ya wuce minti 10. A ajiye soso mai kaushi, tafin hannu ya isa. A guji sabulu mai ƙamshi da mai kanwa da yawa.

2. A tsane jiki da tawul a hankali, ba gogawa. Tun jiki da sauran laima a shafa man kaɗanya mai kyau, ko man zaitun, ko man kwakwa, ko basilin. Safe da dare, da hunturu a ƙara.

3. Ɓawon kai: a shafa man zaitun da dare, a ɗaura ɗankwali ko hula, da safe a wanke, a taje a hankali. Abin da ya fita ya fita, wanda ya ƙi a bar shi. Mata a sassauta kitso, a huta da man miƙar da gashi in kai yana cikin tashi.

4. Hantsi na minti 10 zuwa 15 yana taimaka wa da yawa. Rana tsaka mai ƙuna kuwa ɓarna take.

5. Tufafin auduga masu faɗi. A yanke farce, musamman na yara.

6. Habbatus sauda da zuma masu albarka ne. Amma man habbatus sauda yakan yi wa fatar wasu zafi. A sirka shi da man zaitun, a gwada a ɗan wuri a damtse, a jira kwana biyu. In ya yi ja ko ƙaiƙayi a bari. Kada a sa a inda ya tsage.

7. A rage ƙiba, a yawaita ganye irin zogale da rama da alayyahu, da kifi, a riƙa tattaki.

Abubuwan da ba a sawa ko da wasa: tafarnuwa ɗanya, lemon tsami, kanwa, toka, kananzir, baƙin mai, ruwan batir. Duk ƙuna suke yi, ƙuna kuma ka ji abin da take haifarwa. Sannan mai shan metotirezet kada ya haɗa da jiƙe-jiƙe da tsimi sai likitansa ya sani, don duka ta hanta suke bi.

*ALWALA, WANKA DA AZUMI*

Cuccuɗawa wajibi ce a mazhabarmu ta Malikiyya, amma ma'anarta bin gaɓa da tafin hannu, ba dirza ba. Ba a ɗora maka ɓamɓare ɓawon da ke manne ba. In ruwa yana cutar da wurin da ya tsage, ka shafa a kansa. In shafar ma tana cutarwa, ka shafa a kan bandeji. In abin ya game jiki har ruwa ya zama cuta, ka yi taimama. Ka tuna ruwayar Abu Dawuda kan sahabin da ya ji rauni a ka, aka ce masa lallai sai ya yi wanka, ya yi ya rasu, Annabi (SAW) ya yi fushi da waɗanda suka ba shi fatawa ba da ilimi ba.

Man da ya nutse cikin fata ba ya hana ruwa. Mai kauri da ya yi tudu shi ne ake sharewa, don haka ya fi sauƙi ka yi alwala tukuna sannan ka shafa. Fitar jini daga tabo ba ta karya alwala a wajen Malikiyya, kuma ɗan kaɗan da ya taɓa tufa an yi rangwame a kansa. Shafa mai ba ya karya azumi. Maganin sati-sati kuma ana iya mayar da shi bayan buɗa baki.

Kada ɓawo ya hana ka jam'i. Ka shafa mai, ka sa doguwar riga, ka shiga sahu. Ba ka cutar da kowa.

*HAƘƘIN MAI LALURA A KAN IYALINSA*

Maigida, in matarka ce, kada ka ƙaurace mata. Uwargida, in mijinki ne, ki taya shi shafa mai a bayan da hannunsa ba ya kaiwa, lada ne. Kada a ware masa kwano ko buta. In yaro ne, ka je da kanka ka yi wa malaminsa na boko da na allo bayani, ka kuma hana yaran gida yi masa laƙabi. Allah Ya hana izgili da jifa da munanan sunaye a Suratul Hujurati, aya ta 11. Masu wannan cuta da yawa sun fi shan wuya daga idon mutane fiye da ƙaiƙayin. In ka ga ya daina fita, ya daina ci, yana maganar gara mutuwa, wannan ma ciwo ne na kai wa likita.

Batun aure: soriyasis ba kuturta ba ce, ba albaras ba ce, kada a yi gaggawar ɗora mata hukuncin aibobin da littattafan fiƙihu suka ambata. In saɓani ya taso, a je wa alƙali ko malami masani da takardar likita a hannu. Mai ita kuma ya faɗi gaskiya tun ana neman aure, ya fi a gani bayan an tare. Ba ta hana haihuwa, kuma in ɗaya daga iyaye ne kawai yake da ita, yawancin 'ya'yan ba sa yi.

*ALAMUN DA BA A JIRA DA SU*

A tafi asibiti a ranar in jiki kusan duka ya yi ja ko duhu yana saɓulewa, da zazzaɓi ko rawar sanyi. Haka in ƙuraje masu fari suka feso ko'ina da zafin jiki. Haka mai shan metotirezet in bakinsa ya yi gyambo, ko idonsa ya yi ɗorawa, ko numfashi ya yi masa wuya.

Sannan a kula da gaɓoɓi. Har kusan 3 cikin 10 na masu soriyasis takan shiga musu gaɓa. Alamarta sandarewa da asuba da ke wuce rabin awa, ko yatsa ɗaya ya kumbura gaba ɗayansa, ko ciwon diddige, ko ciwon baya da ke sauƙi in an motsa. Kada a ce sanyi ne a zauna ana shan jiƙo. Gaɓar da ta riga ta lalace ba ta komawa yadda take, amma in an tare da wuri ana tsare ta. A kuma riƙa auna jini da suga ko da sau ɗaya a shekara, don masu wannan cuta sun fi saurin kamuwa da hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya.

*KAMMALAWA*

Ya kai wanda Allah Ya jarraba da wannan lalura, Annabi Ayyuba (AS) ya yi haƙuri, ya kuma kai kukansa ga Ubangijinsa, sannan da waraka ta zo sai da aka umarce shi ya buga ƙasa da ƙafarsa, ya yi wanka da ruwan ya sha, kamar yadda ya zo a Suratu Saad. Haƙuri da addu'a da riƙo da sababi tare suke tafiya. Kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa duk wata wahala da ta samu mumini, ko ƙaya ce ta soke shi, ana kankare masa zunubi da ita. Ka riƙe maganinka, ka riƙe ranar komawa asibiti ko da fata ta yi kyau, ka bar yawo daga wannan mai magani zuwa wancan.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah Ya sa abin da ya same su ya zama kaffara, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri. A tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai wanda yake ɓoye wannan ciwo a ƙarƙashin riga bai san yana da suna ba.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.